Haƙora Huɗu da Na Ɓoye Miki

Funtua, ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga 'yata Asma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Danja lafiya, Ya tsare ki a masauki da kan hanya, Ya sa albarka a aikin malamar gona da za ki kama gobe. Ki gaishe da gwaggonki Talatu da mutanen gidanta. Gaisuwa kawai, ba ni da wani saƙo gare ta bayan wannan.

Babanki ne zai kawo miki takardar nan tare da wani ɗan ƙulli a tsumma. Kada ki kwance ƙullin sai kin kai ƙarshen karatu. Kuma ki nemi inda Gwaggo ba za ta leƙo ta kafaɗarki ba.

Kada ki zaci na huce. Ban huce ba. Na ɗauki biro ne don na san halina: in na buɗe baki ihu ke fitowa, ke kuma kin ƙware wajen kallon mutum ido buɗe, kunne toshe. Takarda ba ta ihu. Ki daure ki karanta.

Zan fara da shekaranjiya Juma'a, don kada ki ce na ƙara gishiri. Mata sun cika tsakar gida sun zo yi miki sallama. Gwaggo ta zo ɗaukarki, ta taho da ɗaurin rake daga gonar mijinta. Kina kan tabarma kina sha kina dariya. Na zo wucewa da tsintsiya, sai idona ya faɗa kan abin da kike taunawa kina tofarwa. Kowane guntu da ja a jikinsa. Na yar da tsintsiyar, na kama haɓarki na ce ki buɗe baki. Na duba bayan haƙoranki na ƙasa, inda madubi ba ya kaiwa. Abin da na gani rawaya ne, daskararre, kamar abin da ke taruwa a gindin butar da aka daɗe ana dafa ruwan rijiya a ciki. Dasashinki ya kumbura ya yi ja, na ɗan taɓa shi da yatsa jini ya biyo.

Na ce, "Shekara biyar a jami'a, ba wanda ya koya miki wanke baki?"

Gwaggo ce ta fara magana: "Haba Dije, a gaban mutane? Mataccen jini ne, gara ya fita. Rake ma ai wankin haƙori ne, mu da shi muka tashi."

Na ce asibiti za a kai ki a kankare. Ta tafa hannu ta ce, "A kankare? Su buɗe wa yarinya haƙora tun ba ta yi aure ba? Wallahi ba daga gidana ba."

Sai ke kika ɗago, idonki ya ciko da hawaye, kika ce, "Umma, ke fa? Gwaggo ta ce goro da fure kika yi ta ci da kina amarya, ga haƙoranki nan reras kamar na talla. Ni ma naki na gada. Ba abin da zai same ni."

Jiya da safe kika durƙusa daga bakin ƙofa kika ce sai kin zo, kika fita ba ki dubi fuskata ba.

Naki na gada. Wannan maganar ce ta hana ni cin abinci tun ranar. To ki buɗe kunne, Ma'u. Haƙoran nan huɗu na gaba na ƙasa, waɗanda kika kafa shaida da su, ba nawa ba ne. Roba ce. Likita ce ta auna ta yi mini su kina aji biyu na firamare, a dogon hutun nan da na ce muku na tafi Mahuta jinyar Inna. Inna lafiyarta ƙalau. Ni ce ke ɓoye a ɗakinta da giɓi, ina jiran dasashina ya warke. Ita da babanki kaɗai suka sani, ita kuma ta tafi da sirrin kabari. Kin sha tambayata dalilin da ba na bari a taɓa kantar littattafaina ta sama. Akwai kofi a bayan littattafan. Nan suke kwana.

Shekara goma sha bakwai kina kallon ƙarya a bakina, kina samun natsuwa da ita. Yanzu zan gaya miki yadda na rasa na gaskiyar, domin hanyar da na bi kike kai, har kin yi nisa.

Gwaggo ba ta yi ƙarya ba game da fure. A Mahuta, lokacin da na tashi, ado bai cika ba sai da jan baki. A tauna goro, a ɗauko furen taba a goga a haƙora har su yi jajawur, a yi murmushi a ga an isa mace. Na iya shi fiye da kowa a unguwarmu. Sai dai wadda ta sha wahalar rina haƙora ba za ta so ta goge rinin ba. In kurkure baki da ruwa, in taɓa aswaki sama-sama don kada jan ya dushe, shi ke nan. A ƙarƙashin wannan ja datti ba ya nunawa, jini ma ba ya nunawa. Haka na yi wajen shekara shida.

Na san kina yi wa masu fure dariya. Ki daina, kina da naki. Cingam ɗin da ba ya barin bakinki, da alawar nan mai sanyi da kike jefawa in za ki shiga mutane, da garin da kika saya ta waya wai yana faranta haƙori. Duk abin da ke rufe datti bai cire shi ba aikin fure yake yi, ko da a kwalba mai rubutun Turanci ya zo.

Gobe da safe, kafin ki sa komai a baki, ki sa farce ki bi gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Za ki ga wani farin abu mai laushi kamar ƙullu. Ni da na ɗauka ragowar tuwo ne. Ba shi ba ne. Bayan na rasa haƙorana na karanta duk abin da hannuna ya kai a kan wannan abu, karatun da ya zo a makare. Tarin ƙwayoyin cuta ne masu rai, a manne suke, abincinsu zaƙi. Su ci a bakinki, su yi bayan gida a bakinki, abin da suke fitarwa shi ke cin haƙori, shi ke hura dasashi. Kullum sai sun taru, a bakin kowa, har na likita. Muddin suna da laushi, buroshi ko aswaki na kwashe su. In aka bar su 'yan kwanaki sai su haɗu da abin da ke cikin miyau su daskare su zama dutse. Daga nan ba buroshi, ba aswaki, ba gawayi, ba gishiri da kanwa. Sai ƙarfen likita.

Ke da kika karanta aikin gona kin san ƙuduji. Ranar da manomi ya gan shi ya fito a cikin dawa, ya riga ya daɗe yana tsotsar saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Gobe za ki tsaya gaban dattawa kina ce musu kada su jira sai ɓarna ta bayyana. Ki fara gaya wa kanki.

Da na fara koyarwa na bar fure, don ban ga ya dace da malama ba. Na koma aswaki, na kuma ɗauka na shiryu. Ina duba littattafan ɗalibai, aswaki na gefen baki kamar sigari, in tauna, in goga na gaba na sama waɗanda duniya ke gani, in yar. Na san falalar aswaki, ina ma koyar da ita. Lada nake nema da kwalliya, aikin ne ban yi ba.

Akwai wata tsohuwa Bamagujiya, Iya Kande, da ke kawo mana daddawa daga ƙauyensu ta hanyar Malumfashi. Ba ki san ta ba. Ta tsufa har ta ranƙwafa, amma tana gwaguyar goruba kamar budurwa. Wata rana na sunkuya ina zaɓen daddawa muna magana, sai ta ja da baya ta dube ni.

Ta ce, "Malama, kada ki ji haushi. Mai daddawa ce ke gaya miki, bakinki ya fi kayana tashi."

Nan take ta zaro ɗan icen marke daga ɗankwalinta, ta tauna kansa har ya yi laushi, ta wangale baki tana nuna mini. "Ba tauna ake yi ba, 'yar nan, noma ake yi. Kunya-kunya. Ki bi ta waje, ki koma ta ciki, ki gangara har turame. Ke bakin hanya kawai kike nomewa don masu wucewa su gani. Can cikin gonar fa, wa kika bar wa?"

Kin san abin da na yi? Na tattara girman kaina na shige ɗaki. Ni mai kanta uku ta littattafai, wadda ba ta san alif ba ce za ta koya mini tsafta? Na daina sayen daddawarta. Ta mutu da haƙoranta a baki, ni kuma ga ni. A duk abin da na karanta daga baya ban sami wanda ya fi ta iya bayani ba.

To ki ɗauka daga gare ta, tunda ni na ƙi. Sau biyu a rana, ba fashi: da safe, da kuma bayan kin gama cin komai za ki kwanta. Na kwanciyar ya fi muhimmanci, domin miyau kan janye in mutum ya yi barci, ƙwayoyin cutar kuma su kwana suna biki. Buroshi mai laushi, ba irin naki da na gani a banɗaki ba, wanda ya baje kamar tsohuwar tsintsiya. Na jefa shi a shara, akwai sabo a ledar da babanki zai ba ki. Ki karkata shi ya dubi dasashi, ki riƙa ɗan jujjuya shi a hankali, haƙori biyu-biyu, waje da ciki da kan turame. Bayan na gaba na ƙasa, inda naki dutsen ya taru, ki tsai da buroshin ki share daga ƙasa zuwa sama. Minti biyu cur, ki duba agogon wayar nan da ba ta barin hannunki. Man goge baki mai sinadarin fuloraid, kaɗan ya isa, ki tofar, kada ki bi shi da kurkura har ki wanke amfaninsa. Tsakanin haƙora kuma buroshi ba ya shiga, sai zaren sakace. Zare na ce, ba fil ɗin hijabi ba, na sha ganinki. Aswaki kuwa ki riƙe shi lokutan salla, amma noman Iya Kande za ki yi da shi, ki riƙa yanke kan da ya tsufa.

Jini ya fara zuwa mini sosai ina da cikinki. Ciki kan sa dasashi saurin kumbura, in da datti a wurin sai abin ya ninka. Gwaggo ta ce, "Ai haka ciki yake, Dije. Ni ma kowane ɗa sai da ya tafi mini da haƙori ɗaya." Ni kuma na yi tunanin da ya yi kama da hankali: wuri na jini, to ciwo ne, bari in daina fama shi. Duk inda ya fi jini, nan na fi kauce wa. Wato na ga ɗakin da ya fi datti, na kulle shi na ce ya huta. Na tabbata abin da kike yi ke nan, domin dutsenki ya fi kauri daidai inda dasashin ya fi ja. Jinin nan ba matacce ba ne, dasashi ne ke kuka saboda abin da ke zaune a kansa. Ki wanke wurin a hankali, kullum, ko ya yi jini. Zai ragu. Amma ba zai ɗauke ba muddin dutsen na nan.

Abu na gaba kunyar rubuta shi nake ji. Bayan na yaye ki, ɗaya daga haƙoran ya fara ɗan motsi in na taɓa shi da harshe. Gwaggo ta ce tsutsa ce, akwai mai cire ta a kasuwar Danja. Na bi ta. Ni, malamar sakandare, na tsuguna a bayan rumfar masu tumatir aka rufa ni da zane. Mutumin ya zuba wasu ƙwayoyi da man shanu a kan ƙarfe mai zafi, ya kifa mazurari, na sa baki ina haɗiyar hayaƙi ina tari. Ya yaye zanen ya nuna mini ƙwaryar ruwa. Ga wasu siraran fararen abubuwa suna yawo.

Ya ce, "Hajiya, kin ga masu cin amanarki. Bakwai. Da kin ƙara sati, da sun kai ƙwaƙwalwa."

Gwaggo tana ta salati. Ni ma na yi. Wata uku ina jin na warke. Sai wata rana shakka ta kama ni, na samo 'ya'yan gautan kura, irin ƙwayoyin da na ga ya yi amfani da su, na zuba a kan murfin tukunya mai zafi. Suka fashe, fararen zaruruwa suka fito. Tsutsotsina ke nan, bakwai har da ƙari, ban ko buɗe baki ba. An ce ɗan mutumin ne ke riƙe da rumfar yanzu. Idan Gwaggo ta ce ku je ku gaisa, ki ce kina da aiki.

Daga ƙarshe na je asibiti nan Funtua. Likitar haƙorin yarinya ce, ba ta girme ki a yanzu da yawa ba. Ta duba ta ce, "Malama, dutse ya shiga ƙarƙashin dasashi, ya fara cin ƙashi. Ki bari in kankare yau. Ina sa ran za mu tsirar da su."

Na tambaye ta ko gaskiya ne kankarewa na buɗe haƙora. Ta ce zan ga 'yan ƙofofi a tsakaninsu bayan an gama. Ban tsaya jin sauran ba. Na ce zan je in yi shawara da maigida. Ban yi shawara da kowa ba. Na daka gawayi da gishiri na riƙa dirza, har dasashina ya ƙara ja da baya. Shekara huɗu ban koma ba.

Ranar da abin ya faru ina aji, ina karanta wa 'yan mata waƙa da ƙarfi, ina jin daɗin muryata kamar yadda na saba. A tsakiyar baiti na ji wani abu kamar tsakuwa a kan harshena. Ba zafi, ko kaɗan. Wannan ne abin tsoron, Ma'u, ciwon nan ba ya sallama. Na tura shi cikin kunci, na juya na rubuta a allo cewa su kwafi baitocin. Minti ashirin na tsaya ina kallon allo, bakina cike da jini da haƙori, aji guda a bayana, wata tana cewa, "Malama, ba ki ƙarasa ba." Ban ƙarasa ba.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, na so a ce ta yi. Ta ɗaga haƙorin a gaban fitila ta ce, "Duba, ko rami babu. Lafiyayyen haƙori ne. Ƙasar da yake tsaye a ciki ce ta zaizaye." Sauran ukun suna rawa kamar turakun da ruwa ya ci gindinsu, dole ta cire. Sannan ta ƙarasa mini maganar da na gudu ban ji ba. Kankarewa ba ta buɗe haƙori. Dutsen ne ke cinye dasashi da ƙashi ya zauna a gurbinsu. In an cire shi sai ramin da ya riga ya haƙa ya bayyana, mutane su ɗora wa likita laifi. Wanda ya je da wuri, dasashinsa kan koma ya kama. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Naki, a yadda na gani, ba su fara motsi ba. Kina daidai wurin da ake iya juyawa. Ban san tsawon lokacin da ya rage miki ba, Gwaggo ma ba ta sani ba.

Kuna ganin ina yanka gwaiba da wuƙa, ina ɓantarar gasasshiyar masara da yatsa, kuna cewa Umma akwai yanga. Ba yanga ba ce. Ban gatsa komai da gaban bakina ba tun kina shekara bakwai. In zan yi dariya sai na fara danna su da harshe. A sujada ma rabin hankalina na bakina, Allah Ya yafe mini. Shekaranjiya da nake miki ihu sau biyu na ji sun motsa, kuma ko a lokacin abin da na fi tsoro shi ne su faɗo a gaban Gwaggo. Ki dubi irin uwar da Allah Ya ba ki.

Yanzu ga ki a garin rake, a gidan da ake dafa mazarƙwaila a bayansa. Duk gonar da kika shiga sai an miƙo miki, kuma ba zan ce ki mayar da kyautar manomi ba. Ki karɓa, ki gode. Amma ki sha a zama ɗaya, gara bayan abinci, ki kurkure da ruwa, a wuce wurin. Abin da ke kashe baki shi ne guntun mazarƙwaila a kunci tun safe har la'asar, da shayi mai sukari ana kurɓa ana ajiyewa. Kowace kurɓa sabon akushi ne ga waɗancan ƙwayoyin cutar. Zancen rake na wanke haƙori kuwa, ki gwada goge tsakar ɗakinki da ruwansa, ki dawo bayan awa ɗaya ki ga waɗanda suka zo taya ki murna. Ki kuma dubi bakin Gwaggo da kyau in tana ba ki shawara. Ba don raini ba. Yayar ubanki ce, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ɗauke mata aiki, ki bi ta a komai. Ban da wannan guda.

Game da gado, kin faɗi gaskiya ba ki sani ba. Inna ba ta kai hamsin da haƙoran gaba ba, likita kuma ta ce akwai gidajen da dasashinsu ya fi saurin kamuwa. Nawa kika gada, na gaskiyar, ba na kofi ba.

Duk kurakuran nan a kaina suka ƙare, sai guda ɗaya. Na koya miki karatu tun ba ki shiga makaranta ba, na koya miki tuƙin tuwo, amma ban taɓa tsayawa a kanki na ga yadda kike wanke baki ba. Dalili? In na tsaya a kanki za ki ce in nuna miki nawa. Na zaɓi a riƙa cewa Malama Hadiza mai kyan haƙori, na bar 'yata ta girma ba mai duba bakinta. Sannan na zo gaban mata ina tambayar abin da jami'a ta koya miki. Ba aikin jami'a ba ne. Nawa ne. Kama haɓarki a gaban mutane kuskure ne, ki yafe mini shi. Abin da na faɗa game da asibiti kuwa ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Yanzu kwance ƙullin.

Shi ne wanda ya faɗo a aji. Ya kamata a ce na binne shi tuntuni, na kasa. Ki fita da shi haske ki juya shi. Ki ga samansa fari, ba rami, ba tsaga. Ki gangara ki ga abin da ya naɗe saiwarsa, baƙi-baƙi mai kaushi. Ki sa farce ki gwada ɓamɓarewa. Sannan ki buɗe baki, ki sa wayar nan ta ɗaukar miki hoton bayan naki, ki ajiye su gefe da gefe.

Ga abin da na yanke. Yau da safe na bar robar a cikin kofi, na sauko da kofin daga bayan littattafai na ajiye shi a kan tebur. Babanki ya shigo ya dube ni ya ce, "Malama, lafiya?" Na ce masa lafiya lau, maganar ta fita da wata iska-iska da ni kaina ban gane muryata ba. Ya samu wuri ya zauna. Can ya ce, "Har makaranta?" Na ce har makaranta. Gobe Litinin haka zan shiga aji. 'Yan mata za su yi dariya, na ma san wadda za ta fara. Malamai za su yi kamar ba su gani ba, su koma ofis su baje zance. Kafin Talata labari ya hau motar Danja ya iso kunnen Gwaggo, ta samu abin faɗa har ƙarshen rayuwarta. Na haƙura. Ba zan mayar da su bakina ba sai ranar da kika zauna a kujerar likita.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara zan kasance a bencin ɓangaren haƙori na asibitin nan. Na san sabuwar ma'aikaciya ba ta son neman izini a makon farko. Ki nema. In kin zo, zan riƙe miki jaka, ba zan ce uffan ba. In ba ki zo ba, zan dawo Alhamis ta sama da giɓina, in kuma dawo ta samanta. Kin san taurin kaina, shi ma kin gada.

Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya kare ki a gonaki da kan babur, Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci, Ya sa manoma su amfana da ke. Allah Ya bar miki abin da Ya ba ki a baki har ki gwaguyi goruba a gaban jikokinki. Ya shirya mini ke, Ya shirya ni. In kin gama duba haƙorin ki ƙulle shi yadda yake, ki taho mini da shi ranar Alhamis mu binne shi tare.

Wassalamu alaikum.

Ummanki,
Hadiza